Ranar da Saba Ta Kwanta da Kanta

Litinin, bayan la'asar

Alhamdu lillahi, an sa rana. Alhamis ta mako na uku. Likitar ta faɗa tana duban takarda, matata ta gyaɗa kai kamar an gaya mata lokacin tashin mota, ni kuma na ji wani abu ya sauka daga wuyana. Jiran da ba rana shi ke cin mutum. Tunda an sa rana, saura na Allah ne.

Likitar ta ce ran nan tana son miji ya kasance a wurin tun safe har a gama yi wa matar aikin, kada a neme shi a rasa. Na ce, "Likita, wannan ai ba sai an faɗa ba." Mutuniyar tawa ta juyo ta dube ni. Na san wannan kallon tun muna ɗaki ɗaya.

A mota ta ce, "To jariranka fa, Malam? Wa zai yi musu reno?"

Haka take kiran injinan da ke ɗakin ƙasa na kamfanin rarraba magunguna. Babbar kwamfutarsu, wadda muke kira saba, ni na kafa ta da hannuna, ni nake kula da ita. Duk kwalin maganin da ya shiga sito, duk wanda ya fita, da ranar lalacewarsa, da asibitin da ya karɓa, a cikinta yake. Ita kuma ba fitila ba ce da za a kashe ɗif. Lallaɓa ta ake yi ta rufe abin da take rubutawa. In wuta ta yanke mata tana tsakiyar rubutu, bayanai su cakuɗe, kamfani ya yi kwanaki bai san abin da ke cikin sitonsa ba. Haka ya faru a hannun wanda ya riƙe aikin kafin ni. Yau ko sunansa ba a kira a ginin.

A hannuna bai taɓa faruwa ba. Akwai akwatin batir, UPS, da ke riƙe ta in an ɗauke wuta. In janareto bai tashi ba, maigadi ya kira ni, in je in zauna kusa da ita, in na ga batir zai ƙare in kashe ta da hannuna. Ko ina nake. Ko me nake yi. Ni da na fara da filaya ɗaya a bakin titi ina gyaran rediyo.

Na ce mata, "Ba komai. Zan san yadda zan yi."

Talata, ƙarfe biyu na rana

Taransifomar layin kamfani ta ƙone jiya da yamma. An jona su da ta layin baya, wadda ita ma da ƙyar take ɗaukar kanta. Wuta na leƙowa tana komawa kamar baƙon da ya ɓata gida. Janareto kuwa tun makon jiya makanike ya kwance masa ciki, wai yana jiran kaya. Manaja ya ce kwanan nan. Na san kwanan nan ɗin Manaja.

Na tambaye shi ko za a bar saba a kashe ranar Alhamis ɗin, yini ɗaya kawai. Ya ce, "Haba Mai Saba, Alhamis fa ranar lodin asibitoci ce. Lafiya dai?" Na ce lafiya lau, wata 'yar hidima ce.

Mutuniyar ta ci rabin kwano. Alhamdu lillahi.

Alhamis, bayan magariba

Babbar 'yata ta zo. Injiniya nake ce mata, tun tana ƙarama tana kwance min rediyon mutane. Yanzu kuma injiniyar ce ta gaske, a kamfanin sadarwa, da katinta a wuya. Da filayar nan aka yi karatun, in ta manta ni ban manta ba.

Ta tarar da ni a tsakar gida ina goge takalmin da na riga na goge. Ta zauna a bakin rijiya.

"Baba, ran nan in an ɗauke wuta, me za ka yi?"

"Allah ba zai sa a ɗauke ba."

"In Ya sa fa?"

"Daga asibiti zuwa can ai ba nisa. In leƙa in dawo."

"Ranar da aka ba ni shaidar jami'a ma leƙawa ka yi. Hoton na nan a falo. Ni da Mama da kujera."

Na ce to ita ta je ta zauna min a ɗakin, tunda ta san aikin. Ta ce, "Kai matarka ce, ni uwata ce. Ba inda za ni." Na koma kan takalmi.

Sai ta ce akwatin batir yana iya magana da saba. Ya gaya mata an ɗauke wuta, ya gaya mata batir ya kusa ƙarewa, ita kuma ta rufe komai ta kwanta da kanta. Na ce na sani. Na sani mana! Yarda ce ban yi ba. Inji bai san kunya ba. In ya yi ɓarna ba shi Manaja zai kira ba.

Ta ce, "To kada ka yarda da ɗaya. Ka sa biyu."

Daga ɗaki mutuniyar ta ɗaga murya, "Ki bar shi, ai shi ne batir ɗin. Ranar da ya ƙare sai a sayo wani." Suka yi ta dariya har tari ya kama ta.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na sa Manaja ya kawo akwatin batir na biyu. Ban ce masa shawarar kowa ba ce, don dama abin yana raina tuntuni.

Sabo fil, baƙi, yana sheƙi. Na sa masa suna Ango. Tsohon kuma Dattijo, wanda muka sha duhu tare. Batiransa sun gaji, irin nasa kuma babu a kasuwa sai an yi oda, to amma ba a jefar da tsoho don an ga sabo. Saba tana da wayar wuta biyu, a da duk a jikin Dattijo suke. Yanzu ɗaya a Dattijo, ɗaya a Ango. Na jona kowannensu da suwic, ɗan akwatin nan mai ƙananan fitilu da ke rarraba layi, don ta nan saƙonsu zai bi ya kai ga saba. Na sa manhajar, na yi saiti: duk wanda ya yi kukan batir, ta kwanta. Na ƙara da ɗan modem mai layin waya a jikin Ango, don duk abin da ya faru ta turo min saƙo.

Kafin azahar na gama. Wai wannan ne ake zuwa jami'a a koya.

Na zauna a kujerata na ɗan jima, fankata na kaɗa ni. Ɗakin nan na fi sanin ƙamshinsa a kan na falona. Na ji sanyi a raina. Ba komai, an gama.

Litinin, bayan azahar

Ba a gama ba.

Muna layin ɗibar jini, mutuniyar ta jingina da kafaɗata, waya ta yi ƙara. Manaja.

"Mai Saba! Me ka yi mana? Motoci sun cika harabar nan, direbobi na zagina, kwamfuta ta ce ba ta ganin saba!"

"An ɗauke wuta ne?"

"An ɗauke an kawo! Ko ruwa ban gama sha ba!"

Ashe da wuta ta ɗauke, Dattijo bai yi wata-wata ba ya fasa kukan batir. Tsufa. Saba kuwa ta bi umarnina, ta shimfiɗa tabarmarta ta kwanta, alhali Ango na nan cike taf ko gumi bai yi ba. Ga wuta, ita tana barci, sai an je an danna ta.

Na dubi layin. Na dubi mutuniyar. Ta ɗaga kanta daga kafaɗata ta ce, "Je ka, jariri na kuka." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma da faɗa ne.

Na je. Na tashe ta, komai lafiya, ko harafi bai ɓata ba. Wannan dai a rubuta: ta kwanta da tsabta. Da na koma asibiti an riga an ɗiba, tana zaune a benci ta danne auduga a hannunta, wata mata da ban sani ba tana riƙe mata jaka.

Talata, da safe

Ba abin rubutawa.

Laraba, bayan la'asar

Injiniya ta biyo ta kamfani daga wurin aiki. Ta duba saitina ba ta yi dariya ba, na yaba mata.

Ta ce, "Baba, da bakin mutum ɗaya ka yanke hukunci. Saba wuta ɗaya ta ishe ta rayuwa. In Dattijo ya yi kuka, ta ji, ta turo maka saƙo, amma kada ta motsa sai Ango ma ya ce ya gaji."

Na ce, "Shaida biyu ke nan."

"Shaida biyu."

"Ai abin da na yi niyya ke nan tun farko."

"Na sani, Baba," in ji ta, tana dannawa.

Muka ƙara wani abu: in ta kwanta, akwatunan su yanke mata wuta gaba ɗaya, don in wuta ta dawo ta ji shigarta ta farka da kanta, ba sai an zo an danna ba. Wannan nawa ne. To, rabi nawa ne.

Sai ta ce ranar Lahadi da ba kowa a ginin za mu sauke babban makunni mu gani da idonmu. Na ce ba a yi. Tun da nake ban taɓa ɗauke wa inji mai rai wuta da gangan ba. Masu wuta su ɗauke, wannan ƙaddara ce. Ni in ɗauke da hannuna? Ta ce za ta kwafe komai a wani faifan ajiya kafin nan. Ta ce, "Ko mu gwada ranar Lahadi muna tsaye, ko ta gwada kanta ranar Alhamis ba ka nan."

Yarinyar nan bakin uwarta ta ɗauko.

Juma'a, bayan sallah

Mutuniyar ta sa na sauko mata da akwatin saman kabad. Ta ware zannuwa, wannan na wance, wannan na wance. Na ce mene ne haka? Ta ce gyara take yi, kaya sun yi yawa. Na ce to a bari sai an dawo. Ta ce to.

Ba ta mayar da su ba.

Na fita na wanke mota. Sakamakon jini ya yi kyau, likitar ta ce ba abin da zai hana. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Lahadi, bayan azahar

Gara da aka gwada. Wallahi gara da aka gwada.

Ni na sauke makunnin, ban bar mata ba. Ɗaki ya yi duhu sai fitilata. Akwatunan biyu suka fara ƙararsu, ɗit, ɗit. Na zauna a kujera, Injiniya ta zauna a kan kwali, allon saba na gabanmu. Ba a jima ba Dattijo ya canza murya, ya yi ta yi, ya mutu. Saba na nan a kan Ango. Daidai. Na dube ta na ce, "Kin gani?"

Ta ce, "Baba, wayarka ta yi ƙara?"

Ba ta yi ba.

Muka ci gaba da jira. Fitilun Ango na raguwa ɗaya bayan ɗaya. Ya kai ja. Ya fara kukan ƙarshe. Saba ko a jikinta. Na leƙa allon, wai labarin ƙarshe da ta samu duka biyun suna kan wutar gari, lafiya lau, yanzu dai ba ta jin su. Hannuna ya kai kan madannai da kansa. Injiniya ta ruga ta ɗaga makunni, wuta ta dawo.

Ta ɗauki fitila ta zagaya bayan kantar injinan.

"Baba, zo ka gani."

Suwic ɗin a soket ɗin bango yake. Wato da wuta ta ɗauke shi ya fara mutuwa, kafin kowa ya buɗe baki. Ranar Litinin ma don wutar ta dawo da wuri ne kukan Dattijo ya samu hanya. Dattijo ya yi kuka, Ango ya yi kuka, ɗan aiken da zai kai saƙo yana kwance. Ita kuma saba labarin da ta ji na ƙarshe shi ne lafiya lau, to a kan lafiya lau ta zauna.

Ta bi wayar da ke ramin da ya kamata suwic ya kasance a bayan Dattijo. Ta bi ta, ta bi ta, har gindin kujerata. Fankata ce. Da fitilata.

"Baba! Ka ba fanka batir ka hana ɗan aike?"

Na ce ta tsaya ta ji. In ba wuta, ba mai aiki a sama, to layin wa suwic zai rarraba? Wanda ke aiki a ginin nan in an ɗauke wuta mutum ɗaya ne, kuma ɗakin ƙasa ba taga. Tsari ne mai hankali. Shekara da shekaru yana aiki.

Ta ce, "Yana aiki mana, tunda kai ne ɗan aiken." Ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Ni ma na yi. Maigadi ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Da a ce ranar Alhamis abin nan ya faru fa?

Ba ranar Alhamis ya faru ba. Shi ke nan.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Mun mayar da suwic jikin Ango. Ban tsaya nan ba, na ce ɗan aike ɗaya ma bai isa ba. Na ja waya kai tsaye daga kowane akwati zuwa bayan saba, ba ta hannun kowa ba. Hanya biyu, shaida biyu. In suwic ya mutu waya na nan, in waya ta zare suwic na nan. Wannan kam nawa ne gaba ɗaya, ta ma faɗa da bakinta.

Saura abu guda. Na ce to in akwati ya ce an ɗauke wuta, daga nan aka daina jin sa gaba ɗaya fa? Kamar Dattijo in ya mutu bai gama magana ba?

Ta ce akwai wurin sa wannan. In ya ce yana kan batir sannan ya yi shiru ya daɗe, saba ta ɗauka ya tafi, kada ta zauna jiran sa.

Na ce, "Shiru ai ba labari ba ne."

Ta ce, "Shiru ma magana ce, Baba." Ba ta ɗago daga allon ba. "Kai tun da aka sa ranar nan ba ka kira abin da sunansa ba ko sau ɗaya. Amma duk gidan mun ji ka."

Na ce ta miƙo min abin ɗaure waya.

Talata, bayan magariba

Manaja ya ba mu bayan tashi daga aiki. Na sake sauke makunni.

Waya ta yi ƙara: an ɗauke wuta. Ta sake: Dattijo ya gaji, Ango na riƙe. Muka zauna cikin zafi, don fanka yanzu ba ta da rami. Gumi har cikin takalmi. Injiniya na yi min fifita da murfin kwali tana cewa, "Sannu, tsohon ma'aikaci." Can Ango ya kai ja. Waya: duka biyu sun gaji, zan rufe. Na ga rubutu na gudu a allo, tana rufe abubuwanta ɗaya bayan ɗaya, yadda nake yi, har jerin da nake bi. Sai ƙarar iskarta ta sauka, ta sauka, ta tsaya.

Hannuwana na cikin aljihu. Da gangan na sa su.

Na ɗaga makunni. Akwatunan suka ɗan sha wuta, sai ga ta ta yi tari ta tashi. Waya: na dawo, komai lafiya.

Injiniya ta yi tsalle kamar ba matar aure ba. Ni ban san abin da na ji ba. Daɗi ne, amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa, kamar ranar da ta fara tafiya makaranta ba ta waiwayo ba.

Da za mu fita na naɗe wayar fankar na sa ta a mota.

Laraba, bayan la'asar

An ba ta gado, kusa da taga. Ba ci daga tsakar dare. Ɗakin da zafi, fankar sama ba ta juyawa sosai. Na ɗauko fankata na jona mata a gefen gado. Ta dube ta ta ce, "Wannan ba ta jarirai ba ce?" Na ce an yaye su.

Ta ce, "Malam, gobe in ka ji kiran nan, ka je abinka. Ba zan sani ba, ina barci."

Na ce, "Ni zan sani."

Hadari na haɗuwa ta gabas. Janareton kamfani har yau cikinsa a waje.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Sun shiga da ita ɗakin tiyata. Ta ba ni zobenta da tabarau. Na sa hannu a inda aka ce in sa.

Alhamis, wajen sha ɗaya

Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Fitilun baranda suka yi ƙifta, janareton asibiti ya karɓa. Ban gama cewa Allah Ya sa ba, waya ta yi ƙara.

An ɗauke wuta.

Injiniya ta leƙo ta karanta. Makullin mota na aljihuna, ina jin sa a cinyata kamar garwashi.

Alhamis, kafin azahar

Dattijo ya gaji, Ango na riƙe.

Na tashi na je ƙarshen baranda. Daga nan ana hango mota. In na bi ta bayan kasuwa ba nisa. Gwaji gwaji ne, yau kuma lodin asibitoci, tun safe suke zuba mata aiki. In akwai abin da muka manta fa? In akwai wata fankar da ban gani ba?

Wata ma'aikaciya ta fito da sauri ta wuce, ba ta dube mu ba. Ta dawo da wani abu a hannu, ta shige. Ƙofar ta yi ta lilo.

Na dawo na zaro makullin na ajiye a cinyar Injiniya. Na ce, "Riƙe min, yana huda min aljihu." Ta sa a jaka ta ja zif.

Alhamis, bayan azahar

Duka biyu sun gaji, zan rufe.

Daga nan shiru. Dole ne, tunda modem ɗin ma ya tafi da Ango. Ko ta gama rufewa, ko ba ta gama ba, ba mai gaya min sai wuta ta dawo. Manaja ya kira, ban ɗauka ba. Ya sake kira, na kife wayar a benci.

Can shiru, nan shiru. Lokacin da likitar ta ce za a gama ya wuce. Na yi sallah a lungun matakala, ban san abin da na karanta ba. Injiniya ta riƙe hannuna, rabon da ta yi haka tun tana tsallaka titi da ni.

Na ce mata, "Ke kika ce shiru magana ce."

Ta ce, "Na inji na ce, Baba. Na inji."

Alhamis, la'asar

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Likitar ta fito ta sauke abin rufe baki ta ce, "Ina mijin?" Na ce, "Ga ni." Ga ni. Ban taɓa jin daɗin kalma biyu irin wannan ba. Ta ce an cire, an cire duka, ya ɗan ba su wahala ne shi ya sa aka daɗe. Ta faɗi wasu abubuwa, Injiniya ce ta riƙe su. Ni kuwa na zauna a ƙasa a gaban mutane, da girmana.

Ba komai. Yau kam da gaske ba komai.

Juma'a, da hantsi

Sai da safen nan na tuna na kife waya. Ni! Na buɗe, ga saƙo tun jiya bayan isha: na dawo, komai lafiya.

Na kira Manaja ina shirin ba da haƙuri. Ya ce, "A'a, dama kira na yi in ce maka an ɗauke wuta. Da safe muka zo muka tarar tana aiki, lodin jiya duk yana ciki. Yaushe ka shigo? Maigadi ya rantse bai gan ka ba."

Na ce ban shigo ba.

"To wa ya kashe ta?"

"Ita."

"Wa ya kunna?"

"Ita."

Ya ce, "Kai, Mai Saba, kai ba mutum ba ne." Na ce aiki ne na wanda ya san aiki. Injiniya na gefe tana harara ta. Na ƙara da cewa da 'yata muka yi. Sannan na gaya masa inda nake, da dalili. Na kira abin da sunansa. Bai yi nauyi a baki yadda na zata ba. Ya ce, "Subhanallahi, shi ne ka ce 'yar hidima?" Ya ce yana zuwa dubiya da yamma.

Asabar, bayan azahar

Ta farka sosai yau. Ta sha ruwan shayi, ta nemi tabarau, ta ce asibitin nan ba su iya shara ba. Ta warke ke nan.

Ta ce a gaya wa Injiniya ta mayar da zannuwan nan cikin akwati kafin wance ta gani ta sa rai.

Can ta dube ni ta ce, "An ce an yi ruwa ran nan. An ɗauke wuta?"

"An ɗauke."

"Ka je?"

"Ban je ba."

Ta juya wurin Injiniya. Injiniya ta zaro makullin daga jaka ta kaɗa mata. Har yau ban karɓa ba, ashe.

"To jariran fa?"

Na ce, "Sun kwanta da kansu, sun tashi da kansu. Ko nemana ba su yi ba." Ban so muryata ta fita haka ba.

Ta daɗe tana kallona, irin kallon nan, amma wannan karon da murmushi a gefensa.

"Sun girma ke nan, Malam. Haka yara suke yi." Ta lumshe ido. "Tunda ba ka da aikin yi, juyo min da fankar nan, ba ta samu na."

Na juyo mata. Na ja kujera na zauna.